Hatsin da Dodo Ya Ƙone

A bakin hanyar kwalta da ta taso daga Tsarnawa ta nufi Tawa, daidai inda ta ratsa Badagishiri, akwai rumfar kwano ta wani mai cajin waya, wanda kuma yake tura wa mutane fina-finai a wayoyinsu kan ƴan kuɗi kaɗan. Da an idar da sallar isha'i sai rumfar ta rikiɗe ta zama fada: a shimfiɗa tabarmi, a ɗora butar shayi bisa gawayi, a fito da talabijin a aza kan tebur. A nan ne, cikin wata damina da hatsi bai kai ga nuna ba, samarin unguwar suka kalli yaƙin da suka yi makonni suna gardama a kansa.

Shirin shi ne Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2019, aka kuma ciro shi daga littattafan George R. R. Martin. Labarin gidajen sarauta ne masu zawarcin karaga guda, irin labarin da mutumin Adar ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kai. Kwafin da ya iso rumfar da Faransanci yake, saboda haka wani ɗan lise da ya zo hutu daga Tawa ya zama tafinta, shi kuwa mai rumfa ya riƙe aikin tsallake wuraren da ba su dace da idon jama'a ba, aikin da a wannan shiri ba ya barin mutum ya yi gyangyaɗi.

Tun farko tafintan ya yi tuntuɓe da kalma ɗaya. Me zai kira halittar nan mai fukafukai da ke aman wuta? Dodon tatsuniya ba ya tashi sama. A kogo ko a rafi yake kwana, yana haɗiye mutane, kuma ƙaramar yarinya ma kan yi masa wayo. Macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya fi kusa da shi a siffa, amma shi ma jiran Bayajida kawai yake. A labaranmu irin waɗannan halittu annoba ne, jarumi kuwa shi ne wanda ya kashe su. Ga shi a nan an kawo wanda ake hawa kamar ingarma, mai shi kuma ita ce tauraruwar labarin. Daga ƙarshe dai “dodo” ya zauna a bakin kowa, sarauniya Daenerys kuma ta zama Uwar Dodanni.

Kashi na huɗu na zango na bakwai, wanda ya fara fita a Agustan 2017, shi ne ya tayar da ƙurar. Rundunar gidan Lannister tana komawa birni da ganima cikin doguwar jerin amalanke, sai aka ji ƙasa tana rawa, mahayan dawakai suka ɓullo daga bayan tudu, dodo yana shawagi bisa kansu. Da ya buɗe baki ya keta sahun masu garkuwa da harshen wuta guda, rumfar ta kaure da irin kuwwar da ake yi a filin kokowa sa'ad da ɗan Tawa ya kai abokin karawarsa ƙasa a gasar takobi. Wani ya yi tsalle ya ture butar shayi, ba wanda ya waiwaya. An ce wajen ɗaukar wannan yaƙi, a ƙasar Sifen, mutum 20 aka cinna wa wuta ta gaske lokaci guda. Samarin ba su san da wannan ba, amma jikinsu ya ba su.

Nan take fadar ta rabu biyu. Wasu suna bayan sarauniya, suna cewa an daɗe ana zaluntarta, yau kuma ranar biyan bashi ce. Wasu kuwa zuciyarsu ta tafi ga Jaime, mai hannu ɗaya, wanda ya zari mashi ya zaburi doki ya tunkari dodon shi kaɗai. Wani ɗan kabu-kabu ya ce wannan wauta ce, wani tela ya ce a'a, mazantaka ke nan, domin wanda ke zuba wuta daga sama bai san fargaba ba, balle a kira shi jarumi. Irin wannan muhawara aka yi ta yi a biranen duniya a makon da kashin ya fito, sai dai a Badagishiri an yi ta da karin magana da rantsuwa.

Ana cikin haka wani dattijo, kawun mai rumfar, wanda ya yi fiye da shekara talatin yana awon hatsi a kasuwar garin, ya zo karɓar wayarsa. An mayar da yaƙin baya don a sake kallo, sai ya tsaya da sandarsa a bakin rumfa, yana duban yadda dodon ke bin amalanke ɗaya bayan ɗaya yana babbake su.

“Kai, yaro, mi ke cikin amalanken nan?”

“Hatsi ne, Baba. Amfanin gonar ƙasa guda ne, sojoji suka ƙwace daga hannun manoma. Zinariyar kam ta riga ta shiga birni.”

“Ita mai dodon, tana da mutane?”

“Dubbai, Baba.”

“To, gobe mi za su ci?”

Aka fashe da dariya. Ɗan kabu-kabu ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, fim ne fa.” Dattijon ya ce ya san fim ne, ya sa wayarsa a aljihu, ya yi musu sai da safe.

Tambayar ba ta tsufa ba ce, ta wanda ya taɓa ganin gindin rumbu ce. Yana saurayi aka yi yunwar 1984, wadda mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa suna Ƴar Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, aka rasa damina aka kuma rasa hanyar ci-rani. Ya kuma auna hatsi a 2005, shekarar yunwar da fari da fara suka jawo, mata suna zuwa gabansa da kuɗin da bai kai rabin tiya ba. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Adar ya ga rumbunan laka da ake ginawa da kulawar da ba a ba ɗakin kwana. A irin wannan ƙasa, wanda ya sa wa hatsi wuta ya fita daga sahun mayaƙa, ko da hatsin na maƙiyinsa ne. Samarin kuwa yawancinsu suna goye ko suna rarrafe a 2005. Ba rashin tausayi ya sa su kuwwa ba; idonsu ya bi inda aka fi haska masa ne, wato bayan dodo.

Kuma wannan yanki ya taɓa zama a ƙarƙashin irin wannan wuta. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana kwasar abinci yana ƙone garuruwa. A watan Afrilu ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu kuma ya auka wa Birnin Ƙwanni, ya yi kisan da har yau ake jin ɗacinsa. Bindigoginsu a wancan zamani su ne dodon: makamin da ɓangare ɗaya kawai ke da shi, wanda ganuwa da kibiya ba su da amsarsa. Abdullahi Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, amma da wuya a sami wannan fim a cikin dubban da ke kwamfutar mai rumfa. Jikokin mutanen da aka ƙone wa gari sun zauna suna tafa wa mai ƙonewa, kuma ba laifinsu ba ne su kaɗai. A aji an koya musu shekarar, ba a koya musu ƙaurin ba.

A yi wa masu shirin adalci: sun nuna sojoji suna zama toka a tsaye, sun kuma nuna Tyrion a bisa tudu yana kallon mutanen gidansu suna ƙonewa, fuskarsa babu farin ciki. Alamar tana nan ga mai son gani. Amma masoyan shirin a duniya ba su firgita ba sai a Mayun 2019, da sarauniyar ta babbake babban birni bayan an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya. A lokacin ne fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon ƙarshe, da yawansu suna cewa an sauya mata hali dare ɗaya. Mai awon hatsi na Badagishiri, wanda bai san sunanta ba, minti biyar ya ishe shi.

Malamai sukan yi ƙorafi kan fina-finan waje, kuma suna da hujja. Sai dai abin da ya faru a rumfar nan ya fi kama da daren tatsuniya fiye da yadda ake zato, domin ita ma tatsuniya ba a taɓa sauraronta baki rufe ba: akwai mai katse Gizo da tsaki, akwai kaka mai tambayar da ke ɓata wa yara daɗi.

Da fadar ta kai zango na takwas, tafintan ya tafi kasuwa takanas ya sami dattijon a bayan tarin buhuna. Ya gaishe shi, ya tsuguna, ya ce masa a cikin shirin an sami wata mace, Sansa, mai riƙe da gidan sarautar Arewa, wadda da rundunar sarauniya ta sauka a garinsu ta tsaya gaban manya ta ce abincin da ta tanada domin hunturu ba zai ɗauki wannan taro ba, har ta tambayi abin da dodanni ke ci. Dattijon ya share bakin tiya da tafin hannu, ya juye a buhun wata mata, sannan ya ɗago.

“Ita aka ba sarautar?”

“Ta Arewa kawai, Baba.”

“To, Arewa ta tsira,” in ji shi, ya sake cusa tiyar cikin hatsi.