Iska da Garinsu Ake Kiranta

Cikin kalmomin Turancin da suka fi kayar da ɗalibaina a darasin labarin ƙasa, babu kamar "easterly" da 'yan uwanta irin su "westerly". Fuska biyu gare ta. In an jingina ta ga tafiya, gabas aka nufa. In kuwa aka jingina ta ga iska, daga gabas iskar ta taso, yamma ta dosa. Sai ka ga yaro mai ƙoƙari ya zana taswira tsaf, amma kibiyar iskar hunturu ta juya kai tana komawa Chadi.

Dogon bayani a allo bai taɓa yi mini maganin wannan ba. Abin da ya yi aiki shi ne fitar da ɗaliban fili da sanyin safiya a watan Janairu. Nakan ce kowa ya juya har sai iska ta dake shi a fuska, idonsa ya ji ƙura. To, inda kake kallo ɗin nan, shi ne sunanta. Iska baƙuwa ce, kuma baƙo da garinsu ake kiransa. Bakano ko a Legas ya sauka Bakano ne. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da ƙurar kwarin Bodele na Chadi, don haka Bature ya ce mata "north-easterly". Mai ɗauko danshin damina kuwa daga Tekun Atlantika take, wato kudu maso yamma.

A nan ne wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, to ai kakata ta ce hadarin gabas ne ke kawo ruwa." Kakar ta yi gaskiya. Danshin daga kudu maso yamma yake shigowa ta ƙasa-ƙasa, amma iskar da ke can sama daga gabas take, ita ke koro hadarin zuwa yamma. Ban ga laifin littafin darasinmu ba, sai dai rabin zancen ya faɗa.

Malamai 'yan uwana, kafin ku sa yara haddar waɗannan kalmomi, ku fita da su waje su nuna muku gabas da hannu. Da yawansu da alƙibla kawai suke gane ta, kuma wannan ma ya isa a fara da shi.