Neman Wandon Jins Mai Ƙwari Tsakanin Samaru da Sabon Gari

Litinin

Wandon da nake hawa babur da shi zuwa gona ya buɗe a hantsa, daidai inda aka yi masa faci da damina. Bai ko shekara ba. Na kai wa tsohon telan layinmu a Hayin Dogo, ya ɗaga shi wajen haske, ya ja yadin da hannu biyu, ya miƙo mini abina. "Malam, babu abin da allura za ta kama a nan. Robar ciki ce ta mutu." Ya nuna mini wasu 'yan fararen zarurruka da suka tsinke suka leƙo waje. Ya ce duk jins ɗin da ke miƙewa idan an ja shi, da zaren roba a saƙarsa, kuma rana da dutsen guga su ne ajalinta. Na ƙudura wannan karon sai auduga zalla, mai nauyi, ko da zan sha yawo.

Talata

Na bi shagunan da ke bakin titin Sakkwato, waɗanda ke kallon katangar Jami'ar Ahmadu Bello. Kasuwar nan ta ɗalibai ce, kayan ma nasu ne: fensir mai matse ƙwauri, mai yagaggiyar gwiwa, da wanda aka koɗar da gangan tun daga masana'anta. Wani yaro ya zaro mini ɗaya daga leda. "Yallaɓai, wannan ɗan Turkiyya ne, ba irin na kasuwa ba." A bayansa ga sunan wani babban kamfanin Amurka a kan fatar da ba fata ba. Na juya cikinsa, babu takardar da ke faɗin abin da aka saƙa shi da shi, babu ƙasar da aka ɗinka. Na ɗaga shi wajen ƙofa, ina hango masu wucewa ta cikin yadin. Sai ka tace koko da shi.

Ban ga laifin yaron ba, ban ma ga na maigidansa sosai ba. Garin Xintang da ke kusa da Guangzhou a ƙasar Sin yana ɗinka jins iri-iri, daga na gaske har na banza, kowa gwargwadon kuɗin da ya ajiye. Ɗan kasuwarmu ya san aljihun ɗalibi, sai ya ce a yi masa mai araha. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuwa, abu biyu ne a gabansa: ko ya ninka farashi, ko ya rage nauyin yadi. Yawancinsu na biyun suka ɗauka.

Laraba

Ban je ko'ina ba, a bencin tela na wuni. Ya ɗauko wani tsohon jins da aka kawo masa rage tsawo ya mai da shi allon karatu.

Saƙar ita ce farko. Zaren tsaye ne kaɗai ake rinawa da shuni, na kwance fari ne. Na tsayen yana hawa kan uku ya nutse ƙarƙashin ɗaya, shi ya sa waje shuɗi, ciki fari-fari, kuma idan ka ƙura ido za ka ga layuka sun tafi a karkace. Wanda cikinsa da wajensa launi ɗaya, yadin ne aka rina bayan saƙa, wani abu ne daban. Sai nauyi: masu sana'ar suna auna shi da oza a kan kowane yadi murabba'i, kuma na aiki yakan kama daga 12 zuwa 14. Baba tela bai san oza ba, shi a hannu yake ji. Ya ce in dunƙule yadin a tafi in saki. Mai kyau yana da taurin kai.

Sai ɗinki. A cikin cinya, a duba ko an naɗe bakin yadin biyu cikin juna an bi da layi biyu, ko kuwa haɗawa kawai aka yi aka daje baki. A ja kunnuwan da bel ke bi a ga ko za su yi murmushi. A zura hannu a aljihu, domin nan masu ha'inci ke fara tsimi, su sa ɗan ƙyalle marar kauri wanda makullin babur zai huda cikin mako. Zif ya zama na ƙarfe. Mutane na neman tambarin YKK na Japan a jikinsa, amma shi ma yanzu ana buga na jabu.

'Yan ƙusoshin tagullan nan na bakin aljihu ba ado ba ne a asali. Wani tela ne, Jacob Davis, ya fara sa su don aljihun ma'aikata ya daina yagewa, shi da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar a Amurka ranar 20 ga Mayu, 1873. Kayan leburori ne tun farko. Da na faɗa wa Baba, cewa ya yi, "To ai shi ya sa. Yanzu kuma na masu ɗaukar hoto ake yi."

Alhamis

Na bi ta Kwangila na gangara PZ, na ajiye babur na shiga kasuwar Sabon Gari da ƙafa. Unguwar nan jirgin ƙasa ne ya haife ta wajen 1911, kuma har yau baƙon kaya nan yake fara sauka. A layin sababbin kaya na tsaya wurin wani Ibo wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ware kayansa gida biyu, ya dafa ɗaya ya ce na Sin, ya dafa ɗayan ya ce ɗinkin Aba. Na Aban ya fi kyawun ɗinki, a gaskiya, sai dai yadin shi ma shigo da shi aka yi, kuma da roba. Abin da ya ba ni haushi shi ne an liƙa masa sunan Italiya. Na tambaye shi dalili. "Alhaji, in na rubuta Aba, kai ma ba za ka saya ba." Ban yi masa gardama ba.

Daga nan layin 'yan gwanjo. Tun kafin ka kai, warin maganin da ake fesa wa kayan yake tarbarka. Na tona tsibi har hannuna ya yi shuɗi, duk ragowa ne, ko ƙugu ya yi girma ko gwiwa ta ci. Wani matashi ya ce, "Yaya, yau ɓata lokacinka kake. Ka zo jibi da sassafe, za mu fasa dila."

Abin mamaki, a takardar kwastan gwanjo na cikin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya. Yana sauka a Kwatano da Lome, ya san hanyarsa, wani ta Maraɗi, ya cika Ƙofar Wambai a Kano, ya cika nan.

Juma'a

Bayan masallaci na bi ta gefen gonakin gwaji na cibiyar binciken aikin gona, sai zancen kayan wajen nan ya dame ni. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma irin audugar da ake kira SAMCOT daga nan ya samo sunansa. Jins kuwa ba ya buƙatar auduga mai dogon gashi irin ta Masar. Zare mai kauri yake so, wanda audugar Funtuwa da Gusau za ta bayar ba wahala. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara fitar da akoko daga audugar manomanmu. Ta tsaya a 2002, babbar maƙwabciyarta UNTL ta rufe a 2007.

Rinin ma ba baƙonmu ba ne. Abin da marinan Ƙofar Mata ke yi da baba da toka a karofi, a tsoma a ɗaga, iska ta mai da kore shuɗi, a sake tsomawa, shi ne injin ke yi wa zaren jins, sai dai da shunin kanti wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. Shuni ba ya ratsa zare har ciki, a fata yake zama, shi ya sa jins ke koɗewa a gwiwa da cinya, shi ya sa kuma rawanin ɗan Kura ke barin alama a goshi. Kakanninmu da suka saƙa saƙi da baƙin zare da fari sun san wannan sarai. Ga auduga, ga rini, ga masu hannu, amma gobe zan yi sammako in jira wandon da wani ya gama yayinsa a wata ƙasa.

Asabar

Na tarar an riga ni. Masu shagunan Samaru ne a gaba, su ke kwashe zaɓen farko, su wanke su goge, su rataye a ce sabo ne. Aka yanka ƙarfen dilar, kaya suka kumbura, hannaye suka yi ciki. Ni dai takarda nake bi. Mai auduga 98 cikin 100 na ajiye gefe don ko-ta-kwana, mai haɗin leda na jefar.

Can ƙasa na ci karo da shi. Shuɗi mai duhu, nauyinsa ya ja hannuna, auduga 100 cikin 100, ɗinkin Lesoto. Cinya naɗaɗɗen ɗinki, aljihu mai kauri, hantsa ba ta ko fara fari ba. Na juya bakin ƙafar ko zan ga jan layin nan na yadin da aka saƙa da ƙoshiya, irin wanda masaƙun Okayama a Japan suka yi suna da shi; babu, kuma ban damu ba, ba shi ke riƙe wando ba. Na zagaya ƙugun a wuyana, ya haɗu har da ɗan rara.

Matashin ya ga yadda na riƙe shi, sai ya sa masa kuɗin sabo biyu. Na taya, ya ce albarka. Na nuna masa maɓallin da ya ɗan yi tsatsa, ya nuna mini mai shagon da ke tsaye yana jira in ajiye. Muka ja, na ƙara, ya ce, "Kawo, Yaya, don dai kai ne."

Lahadi

An wanke shi a juye, da ruwan sanyi, aka shanya a inuwa. Ruwan bai yi shuɗi sosai ba, mai shi na farko ya riga ya fitar da wannan. Da la'asar na kai wa Baba ya rage tsawo. Ya daɗe yana murza yadin, sannan ya ce allurar da ke kan kekensa ba za ta haye inda ɗinki ya ninku ba, sai ya aika yaro Sabon Gari ya sayo mai kauri da zare ruwan zuma. Kuɗin allurar a kaina. Ya ce in dawo Talata bayan azahar.