Kango Ba Gida Ba Ne

Idan ka bi bayan garin Gusau, ta wajen Damba ko Tsunami, za ka ga gine-ginen da aka kai linta aka tsaya. Da can awaki ke kwana a cikinsu. Yanzu kuwa leƙa ka gani: buhu a madadin ƙyaure, tsohon zane a bakin taga, murhu a inda aka zana falo. Masu iyali ne a ciki, mutanen da shekaru kaɗan baya suke da gidansu da rumbunsu da turken dabbobinsu.

Gwaggona na cikinsu. A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Tsafe take aure. 'Yan bindiga suka fara da sa musu haraji kafin su yi shuka, daga baya suka ƙone rumbuna, garin ya watse. Ita da mijinta da yara shida suka fara sauka a wata makarantar firamare a cikin Tsafe, da aka dawo hutu aka ce su ba da aji. Suka taho gidanmu a Gusau. Ɗaki uku gare mu, mu tara, muka koma goma sha bakwai. Babanmu bai taɓa ɗaure fuska ba, amma Gwaggo mace ce mai kara. Bayan wata biyar suka koma wani kango, mai shi ya yarda su zauna a matsayin masu gadi. Bara ya samu kuɗin rufi, ya ba su mako biyu su tashi. Wallahi ban ga laifinsa ba, gininsa ne. Ranar da na je taya su ɗaure kaya ta ce min: "Ɗana, yunwa kam mun saba da ita. Wanga yawon ne ya gaji da ni, kullum tabarma a kai."

Yawon nan ba tabarma kaɗai yake ci ba. Yaranta sun canza makaranta sau uku, babban ya haƙura ya koma tura ruwa. Wadda ke binsa an aurar da ita tun bai kamata ba, don a rage baki kuma a samu inda za ta kwana da ƙofa a rufe. Kawuna na Bungudu shi bai yi nisa ba, ya baro ƙauye ya kama ɗaki a cikin gari. Sai dai da amfanin gona yake biyan haya, gonar kuma sai ranar da aka ji daji shiru ake zuwa. Duk ƙarshen shekara gabansa faɗuwa yake.

To me hukuma ke yi? Kada mu yi butulci. Hukumar NEMA da takwararta ta jiha suna raba shinkafa da barguna da tabarmi, kuma mai jin yunwa ya san darajar kwano ɗaya. Amma shinkafa tana ƙarewa, ranar tashi daga kango kuma ba ta fasa zuwa. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa don ya samu rancen gina gida. Wannan tsari na mai albashi ne. Manomin da ya gudo da rigar jikinsa ta wace ƙofa zai shiga? A 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin Pulaku na gina gidaje a jihohi bakwai da rikici ya shafa, har da Zamfara. Muna fatan a gani a ƙasa, kuma makullan su faɗa hannun waɗanda aka yi dominsu.

Ba alfarma ake roƙo ba fa. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnatocin Afirka nauyin kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu. Dokar filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana. Ke nan fili ba shi ne matsala ba. A Borno an sake gina garin Ngarannam tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanensa suka koma a 2022. Abin da ya yiwu a can ba zai gagara a nan ba.

A ɗan tunanina, abu uku za su rage raɗaɗi kafin tsaro ya samu a koma gida. Na farko, a bi ta hannun masu unguwanni a rubuta iyalan da ke kangaye da gidajen 'yan uwa, domin wanda ba a ƙirga ba ba a yi masa kasafi. Na biyu, a tallafa da kuɗin hayar shekara ga irin su Kawu tun kafin a fitar musu da kaya waje, ai hana faɗuwa ya fi ɗagawa sauƙi. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha na iya shiga nan. Na uku, a yanka ƙananan fulotai masu takarda kusa da gari, da rijiyar burtsatse da makaranta. Mutanen karkara sun iya gini, a ba su fili da kwano kawai a gani.

Mu ma ɗalibai akwai namu. A makarantar nan ana koyar da gini da safiyo, kuma duk shekara muna rubuta furojet da ke ƙarewa a kabad yana shan ƙura. Me zai hana wasunmu su auna kuɗin ɗaki biyu na bulon ƙasa, wasu su ƙirga kangayen unguwa ɗaya da mutanen cikinsu, ƙungiyar ɗalibai ta miƙa wa majalisar dokokin jiha? Kuma idan ka ga abokin karatunka ana hutu bai tafi gida ba, kada ka yi masa tsiya. Ja shi gefe ka tambaye shi, wataƙila gidan ne babu.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.