Kai! Ashe Har Yanzu Akwai Dawa Irin Wannan!

Kai! Kai! Jama'a ku matso ku ji. Na ga yamusa da idona!

Ba a hoto ba. Ba a talabijin ba. Ido da ido, a dajin arewacin Kamaru, can bayan Garwa. Yamusa, haka Fulanin wurin ke kiranta. Duk dangin su gwanki da barewa da kanki na duniyar nan, babu wanda ya kai ta girma. Bijiminta yakan doshi kilo 1,000! Ku kawo bijimin da ya fi kowane ƙiba a kasuwar Maigatari ku tsayar kusa da shi, wallahi sai ya koma ɗan maraƙi.

Jiki ja-ja, da farin zane siri-siri daga gadon baya zuwa ciki. Wuya baƙi wuluk, fata tana reto a ƙasansa. Ƙaho kuwa? Murɗaɗɗe, murɗaɗɗe, ya zarce mita ɗaya! Ya sa ƙahon nan ya karya reshen doka, ƙas!, ya hau cin ganye hankali kwance. Ni kuwa gwiwata sai rawa take.

Amma tsaya, tsaya, in gaya muku yadda aka kai gare shi, don a nan abin yake.

Tun asuba, da sanyin hunturu, muka bi wani dattijo mai bin sawu. Siriri, takalmin roba, ba ruwansa da surutu. Ƙasa busasshiya ƙarau, tsakuwa ko'ina, ni ban ga komai ba. Shi ko sai ya duƙa ya nuna wani ɗan dutse da ya juya ciki waje. Ya murza kashin dabba a yatsu, ya shinshina.

Na ce, "Baba, me ka gani?"

Ya ce, "Yi a hankali, ɗana. Da daddare suka wuce. Akwai namiji a bayansu, yana jan ƙafa."

Daga dutse fa! Daga dutse da kashi! Kowane ɗan lokaci ya zaro ƙullin toka ya kaɗa, ya duba inda iska ta nufa, don kada warinmu ya riga mu isa. Tafiya, tafiya, tafiya. Rana ta take. Ƙudan tsando yana huda riga. Gogon biri yana haushi a kan dutse. Mariya ta tashi a fadama, garke guda, fyuu! Mugun dawa ya ɗaga wutsiya sama ya zura da gudu. Sawun ɓauna sabo fil a bakin rafi, har ruwa bai gama taruwa a ciki ba.

To, ga bijimi a gabanmu. Wani baƙo maharbi da ke tare da mu, wanda ya biya dubban daloli, ya ɗora bindiga a kan sanduna. Na toshe kunne. Jagoran farautar ya sa madubin hangen nesa, ya duba, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya girgiza kai. Wai bai tsufa ba. Yana da sauran barbara a gaba. A bar shi!

A bar shi! Bayan wunin nan! Aka sauke bindiga, aka juya. Baƙon nan yana murmushi har kunne. Kai, ban taɓa ganin irin wannan ba!

Ashe tsari ne. Gandun daji uku ne a yankin: Faro, Binuwai da Buba Njida. Cikinsu ba a harbi, sam. A kewayensu ne aka yanka yankunan farauta, gwamnati ta ba da su haya, ta ƙayyade wa kowane yanki adadin da zai ɗauka a shekara. Namiji kawai, tsoho kawai, kuma da rani kawai. Mace da 'ya'yanta, ko kallon banza. Kuma a Garwa ɗin nan akwai makarantar koyon kula da namun daji tun 1970, ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suna zuwa. Makaranta sukutum, don dabbar dawa!

Da daddare fa, a bakin wuta, ga naman ɓauna da aka harba kafin zuwanmu yana ƙamshi, ma'aikatan sansanin sun yanka shi da bismillah, sun shanya saura a kan igiya. Nan hira ta ɓarke. Kowa da ƙasarsa, kowa da salonsa. Ni dai baki buɗe!

Bajamushe ya fara. Wai a Jamus, kafin ka riƙe bindigar farauta sai ka yi karatu ka ci jarrabawa mai tsauri: halin dabbobi, cututtukansu, doka, harbi. Mutane suna faɗuwa! In ka kayar da dabba kuma, sai ka karyo ɗanyen reshe ka sa mata a baki, cin ƙarshe ke nan, girmamawa. Har ƙaho suke busa mata. Raina ya yi fari don daɗi, don maharbanmu ma ba sa tunkarar babbar dabba da gatsali. Akwai ladabin dawa, akwai abin da sarkin baka ke hanawa.

Ba'amurke ya karɓa. A can, kowace babbar dabba da takardarta, kana harbi ka liƙa mata. Wasu dabbobin, irin ragon dutse, ƙuri'a ake jefawa, mutum ya shekara da shekaru yana jira sunansa bai fito ba! Kuma tun 1937 suke da doka: kashi 11 cikin ɗari na kuɗin bindigar farauta da harsashi haraji ne, yana tafiya kai tsaye wajen raya namun daji. Barewarsu mai farar wutsiya, wadda ta kusa ƙarewa wajen 1900, yau miliyoyi ce, har cikin lambun gidaje take shiga. Miliyoyi!

Sai Namibiya. Kai, Namibiya! Nan ne zuciyata ta tsaya. A 1996 suka yi dokar da ta ba mutanen karkara iko a kan dabbobin yankinsu. Ƙauyuka suka haɗu suka kafa ƙungiyoyi, yanzu sun haura 80. Su ke ɗaukar masu gadi daga cikin 'ya'yansu. Su ke ƙirga dabba. Baƙo ya zo ya yi farauta, kuɗi ya shiga asusunsu, nama a raba gida-gida. To wa zai bar ɓarawo ya taɓa dukiyarsa? Wa?

A Pakistan ma haka suke yi da wani bunsurun dutse mai ƙaho a murɗe, markhor. Lasisi ɗaya ya haura dala 100,000, kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙauyen ne. Bunsuru ɗaya! Tirƙashi!

Kenya kuwa ta ce a'a. Tun 1977 ta haramta farautar manyan dabbobi, sai dai ka zo da kyamara. Botsuwana ta hana a 2014, giwaye suka addabi gonaki, ta buɗe a 2019. Giwa wajen 130,000 a ƙasa ɗaya! Da Jamus ta yi maganar tsaurara shigo da kawuna da fatun dabbobin da aka farauto a 2024, shugaban Botsuwana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce zai aika musu da giwa 20,000 su zauna da su su ji. Sansanin nan ya kece da dariya, har Bajamushen.

Afirka ta Kudu daban ce. Tun dokar 1991, in ka killace gonarka da shinge, dabbar da ke ciki taka ce, ka saya, ka sayar. Dabbobi sun yawaita, gaskiya ne. Amma zakin da ake reno a keji a sake shi cikin waya don a harba, wannan kam raina bai karɓa ba. Ina bin sawu? Ina gumi? Ba farauta ba ce.

Kuma kada ku ce a Kamarun komai lafiya lau. Dattijon nan da aka ambaci Buba Njida sai fuskarsa ta canza. A farkon 2012 mahara a kan dawakai suka shigo da manyan bindigogi, suka kashe giwaye ɗaruruwa don haure. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, a dazuzzukan nan ta yi zamanta na ƙarshe, a 2011 aka tabbatar ta ƙare a duniya. Ga masu haƙar zinariya, ga rikicin kiwo, ga ƙorafin ƙauyuka cewa rabonsu ba ya isowa yadda ya kamata. Duk da haka yamusa tana nan. Tana nan! Gwanki yana nan, gwambaza tana nan, dorina tana huci a kogin Faro!

Mu fa? Muna da Yankari a Bauchi tun 1956, da sauran giwayenta da ruwan ɗumin Wikki. A Nijar, raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, aka tashi tsaye aka kare su, yau sun haura 600. Suna yawo cikin gonakin mutane! Ashe ana iyawa! Kuma masu sanin sawu, masu karanta iska, muna da su birjik a cikin maharbanmu. Irin ilimin da baƙi ke tsallako teku su biya kuɗi a kansa, yana nan a ƙauyukanmu!

Don Allah wanda ya samu hali ya je. Ba sai da bindiga ba. Daga Yola zuwa Garwa ba nisa. A bari damina ta ɗauke, ciyawa ta kwanta, daga Disamba zuwa sama. A tafi da takardu cikakku, a tambayi lafiyar hanya, a nemi jagora mai lasisi, a riƙi gorar ruwa babba da takalmi mai ƙwari. Tafiyar ƙasa ce fa, tafiya sosai!