Yadda Ake Gane Zauren Tarihi Mai Rai

Ba yawan jama'a ke nuna lafiyar zauren masana tarihi ba, haka kuma ba saurin ba da amsa ba. Sau da yawa zaure yakan cika maƙil, kowace tambaya ta sami mai amsa ta nan take, amma in an tona sai a tarar jita-jita ce aka naɗa wa rawani. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a jefa tambayar da kowa ke zaton ya san amsarta, a kasa kunne. Alal misali, daga ina sarautun ƙasar Hausa suka samo asali?

A zauren da ya mutu, za a karanto labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, a shafa fatiha, a watse. Wanda ya ce "wa ya faɗa?" sai a ɗauke shi marar kunya.

A Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, zamanin Farfesa Abdullahi Smith, wannan tambaya ita ce ladabi. A 1970 Smith ya buga maƙala a mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ibadan a 1955, inda ya nuna cewa labarin baƙon jarumi bai isa ya bayyana kafuwar sarautun Hausa ba. Ya ce a dubi yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, da abin da noma, ciniki da tsaro suka haifar. Bai ce a jefar da labarin ba. Cewa ya yi a tambayi lokacin da aka tsara shi, da wanda ya amfana.

Amma babbar shaida tana wajen almajirai, domin malamin da ba ya haifar masu gardama, masu amshi kawai yake tarawa. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa kan tarihin Katsina ya fito a 1981, ya ɗauki rubutun matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda manazarta da yawa ke riƙo kamar yankan wuƙa, ya bi shi da tambayoyi: kwana nawa ya yi a Katsina, su wa suka ba shi labari, da wane ido ya kalli mutanen da ya tarar? Irin tambayoyin da ya yi wa Bature su ne ya yi wa maroƙan fada da kundayen sarakuna, ba tare da ya sassauta wa na gida ba.