Gadon Da Ba A Raba Shi Gaban Alƙali

A gidanmu na Madadi, ƙasar Gwarzo, akwai wata tsohuwar adaka ta Inna wadda idan aka buɗe ta ƙamshin kafur kan cika ɗaki. A ciki ake ajiye zannuwan goyo da hulunan jarirai, kuma duk 'yar da ta zo wankan gida daga ciki ake ɗebo mata kaya. Mun tashi muna ɗaukar wannan ƙamshi alamar tsabta da gata. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

Yayarmu, wadda aka kai aure wajen Kabo, ta zo gida haihuwar fari ta sami ɗa namiji. Kwana uku idanunsa suka yi ɗorawa. Tsofaffi suka ce shawara ce, kowane jariri yana yi, a riƙa shanya shi a hantsi a ba shi jiƙo. Ranar suna ya daina kama nono, yana wani irin kuka mai tsini yana banƙarewa. Kwana biyu bayan an yanka rago aka kai shi makwanci. Na biyu mace ce, ta tashi lafiya lau. Na uku namiji, shi ma ya yi shawarar, Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau ba ya ji, kuma sai da ya shekara uku kafin wuyansa ya tsaya. Daga nan dangin miji suka fara ƙus-ƙus, wasu na cewa wabi take yi, wasu na cewa iska ce ba ta son ta riƙe maza. Allah Sarki, Yaya ta sha rubutu da turare, ta kuma sha kuka a ɓoye.

A haihuwa ta huɗu, da idon yaron ya soma sauyawa, muka ɗauke shi zuwa Kano duk da faɗan tsofaffi. Likita na buɗe zanin goyo sai ya tsaya ya shinshina, ya tambaye mu inda ake ajiye kayan. Aka sa yaron ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske na 'yan kwanaki, daga bisani aka gwada jininsa. Ranar muka fara jin sunan abin da ya daɗe yana zaune a gidanmu: ƙarancin sinadarin G6PD.

Ga yadda muka fahimci bayanin. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kimanin kwana 120 suna aiki, kuma wannan sinadari shi ne garkuwarsu. Wanda aka haifa da ƙarancinsa yana iya tsufa bai san yana da shi ba, sai ranar da jininsa ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa, ƙwayoyin su farfashe lokaci guda. Sai ka ga mutum ya yi fari fat, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Abubuwan da ke tayar da shi sun haɗa da kafur ɗin da ake sa wa tufafi, da lalle a jikin jariri, da waken ful irin na Masar da Sudan, da zazzaɓi mai zafi, da wasu magunguna kamar Primaquine da Dapsone. Jariri kuwa yana iya yin shawarar ko bai haɗu da komai ba, kuma idan ta yi yawa takan taɓa ƙwaƙwalwa. Hantsi da jiƙo ba sa isar mata.

Da muka koma muna bincike, sai muka tarar abin ba namu ne mu kaɗai ba. Mutane wajen miliyan 400 ke ɗauke da shi a duniya, kuma a wasu sassan Nijeriya yakan kai kusan namiji ɗaya cikin biyar. A 1956 masana a Shikago ta Amurka suka gano shi, bayan sun lura maganin Primaquine na fasa jinin wasu fursunoni. A 1969 kuma Farfesa Lucio Luzzatto da abokan aikinsa a Ibadan suka nuna cewa ƙwayar cutar cizon sauro ba ta jin daɗin zama cikin irin waɗannan ƙwayoyin jini. Wato abin da ya taimaki kakanninmu wajen tsira daga masassarar damina, shi ne ya zo ya ɗauke mana ɗa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne hanyar gadon. Ɗa namiji daga uwa yake karɓa, shi kuma ba ya ba 'ya'yansa maza, 'ya'yansa mata yake bai wa, su kuma su iya miƙa wa nasu. Nan muka tuna da Kawu, ƙanen Inna, wanda aka sha cewa sammu aka yi masa saboda fitsarinsa kan yi baƙi in ya sha wasu ƙwayoyi. Mu ma muka je aka gwada mu, aka same shi a jininmu. Ke nan kowace 'yarmu tana ɗauke da shi, kuma wata rana za ta shiga gidan wasu, ta haifi ɗa, a iya kiranta da sunan da aka kira Yaya.

Sikila ta sami suna a bakin jama'a, har a 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure. Wannan kuwa ko sunan Hausa bai samu ba. 'Yan'uwa marubuta, littattafanmu cike suke da matar da aka yi wa asiri 'ya'yanta ke mutuwa, mu kanmu mun taɓa rubuta irinta. Da a ce ɗaya daga cikinmu ya sa wata ungozoma a labarinsa ta ce a kai jariri asibiti ranar da idonsa ya sauya, wataƙila da Yaya ta karanta, domin ba littafin da ke wuce ta.

Adakar Inna tana nan, mun dai kwashe kafur ɗin, an wanke kayan an shanya. Yaron nan na huɗu yanzu yana makarantar firamare, da 'yar takarda a aljihunsa mai ɗauke da sunayen magungunan da ba a ba shi. Yayansa kurma ne ke raka shi kowace safiya. Allah ya raya mana su, ya jiƙan wanda ya riga mu.