Daga Madawa zuwa Keita: maigidan gareji da aikinsa

Wanda ya bar Madawa da sanyin safiya cikin rani, abin da zai fara ji shi ne ƙugin injunan ban ruwa a fadamar Tarka. Albasa ta yi kore shar. Amma idan inji ya tsaya kwana biyu ko uku, ganye ya kan kwanta, wahalar manomi ta tafi a banza. Shi ya sa manomi ke aza injinsa bisa amalanke, ya nufi gareji.

A gareji, komi yana hannun maigida. Ba kullum yake riƙe da ƙarfe ba. Shi ke sauraren kukan inji ya gane ciwonsa, sannan ya raba aiki. Wannan yaro ya wanke karbireta, wancan ya sake buji, babba daga cikinsu ya buɗe fistan. In sun gama, shi ke dubawa kafin inji ya fita. Shi ke yanka kuɗin aiki. Shi ne kuma ke rarrabe kayan gyara na ƙwarai da na jabu, waɗanda yawancinsu daga Nijeriya ake kawo su. In gyara ya ɓaci, sunansa ake kira, ba na yaro ba.

Daga nan hanya ta hau tudu zuwa Buza. Ƙasar Adar ce, dutse ko ta ina, kuma dutse na cin taya. A kwarin Majiya akwai layukan dogon yaro masu tare iska, waɗanda aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE. A ƙauyukan nan, ranar da injin niƙa ya mutu, mata sun koma ga turmi ke nan har bakanike ya zo.

A Keita aka ga girman wannan sana'a. A 1984, bayan fari ya ci ƙasa, aka buɗe Furoje Keita da kuɗin Italiya da taimakon FAO, PAM kuma tana ba ma'aikata abinci. Jama'a, galibi mata, sun haƙa ramuka bisa tuddai, sun dasa miliyoyin itatuwa. Tarakta da katafila sun tada ganuwar tare ruwa, kamiyo na jigilar dutse zuwa madatsai. A irin wannan aiki, kamiyo ɗaya ya lalace, mutane da yawa sun wuni zaune. Saboda haka shugaban makanikai ba ya jiran mota ta mutu. Yana rubuta ranar da aka juye mai, da yawan gazuwal da aka sha, da kayan da suka rage a magaza.

Nan ne karatu ke shigowa. Yaro mai hannu zai iya zama gwanin gyara, amma wanda bai iya karanta lambar ƙarfe ba, bai iya rubuta bashi ba, da wuya ya riƙe gareji.

Ƴan uwa manoma, ku riƙa juye man inji kan lokaci, ku tace esansi, kada ku bar inji cikin ƙura. Iyaye kuma, in kun kai yaro koyon gyara, ku bar shi ya je ajin yaƙi da jahilci da dare. Ɗan koyo na yau shi ne maigidan gobe.